Wa'adin shekara biyar ya wuce, matakala na nan: fashin baƙi kan dokar masu naƙasa da inda ta tsaya a Bauchi

Duk ranar 3 ga Disamba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa masu naƙasa, akan yi taro a Bauchi kamar sauran jihohi. A yi jawabai, a raba kekunan guragu da keken ɗinki, wani lokaci da buhunan shinkafa, a ɗauki hotuna, kowa ya kama gabansa. A cikin jawaban nan ba a rasa wani shugaban ƙungiya da zai miƙe ya ce su ba tausayi suka zo nema ba, a ba su abin da doka ta ba su. Daga nan ne ruɗanin yake farawa, domin in ka tambayi mutum goma a kasuwar Wunti wace doka ce wannan, wasu za su ce maka dokar hana bara ce, wasu su ce ai gwamnati ce ta yi alƙawarin biyan makafi da guragu alawus duk wata, sauran kuma ba su taɓa jin labarinta ba.

Dokar dai ita ce ta tarayya ta 2018 mai hana nuna wa masu naƙasa wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019. To me ta ƙunsa, wa ta ɗaure? Kuma tun da wa'adin da ta bayar na gyara gine-gine ya cika a watan Janairun 2024, me ya sa mai keke har yau yake tsayawa a ƙofar banki yana jiran wanda zai cicciɓe shi?

Kalmomin da ake rigima a kansu

Hausa ba ta rasa suna ga kowane hali ba: makaho, gurgu, kurma, bebe, kuturu, zabiya, musaki. A jimlace a ce naƙasassu. A 'yan shekarun nan gidajen rediyo sun koma cewa "masu buƙata ta musamman" don a sassauta harshe. Su kansu masu abin ba bakinsu ɗaya ba. Akwai wanda zai ce maka shi makaho ne, ka kira shi makaho, ba zagi ba ne, kuma kowa ma yana da buƙata ta musamman, har mai ciki da tsoho. Akwai wanda "naƙasasshe" ke yi masa zafi, don kalmar tana nuna kamar mutumin gaba ɗayansa ne ya lalace. Ni dai a nan zan riƙa cewa "masu naƙasa", saboda mutumin ne a gaba, naƙasar wani abu ce da yake tare da ita.

Ma'anar da doka ta bayar ta fi wannan muhimmanci. A wajenta, mai naƙasa shi ne wanda ke da wata tawaya mai ɗorewa a jiki, ko a gani da ji, ko a ƙwaƙwalwa, wadda idan ta haɗu da shingayen da ke kewaye da shi za ta hana shi shiga harkokin jama'a daidai da kowa. A lura da wannan haɗuwar. Shan inna ya kashe wa mutum ƙafa, wannan lalura ce, daga Allah take. Amma abin da ya hana shi shiga ofis ba ƙafar ba ce, matakala bakwai ce da wani magini ya jera a ƙofa, wani jami'i kuma ya sa hannu a taswirar. Doka ba ta da iko da ƙafar. Da matakalar take magana.

Wanda ya gane wannan ya gane rabin dokar. Raba keke kyauta ce, mai bayarwa ya ga dama. Cire matakala bashi ne a kan mai gini.

Yadda aka yi ta zo

A watan Disambar 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin masu naƙasa. Najeriya ta sa hannu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010. Sai dai sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Shi kuwa sashe na 42, wanda ya hana wariya, ya lissafa ƙabila da asalin gari da jinsi da addini da ra'ayin siyasa, bai ambaci naƙasa da sunanta ba. Wannan giɓin ne ƙungiyoyi irin su JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta ƙasa, suka shafe shekaru suna neman a cike.

Sau biyu majalisa na zartar da ƙudirin, a 2011 da 2015, shugaba Goodluck Jonathan bai sa hannu ba. Majalisa ta takwas ta sake zartarwa a 2018. Ana saura 'yan makonni zaɓen 2019, aka tambayi shugaba Muhammadu Buhari a wani shirin talabijin na 'yan takara, ya nuna ƙudirin bai iso gabansa ba. Masu naƙasa suka yi ca, kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 23 ga Janairun 2019, ya sa hannu. A watan Agustan 2020 aka kafa Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa, James Lalu ya zama sakatarenta na farko, a 2024 kuma shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ayuba Gufwan, mutumin Filato wanda shan inna ya taɓa shi tun yana yaro, aka kuma san shi da ƙera kekunan guragu a Jos.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake: dokar ba kyauta aka ba su ba, lokacin neman ƙuri'a suka ritsa masu mulki.

Abin da ke cikinta

Babu alawus na wata-wata a cikin dokar. Gara a faɗi wannan tun da wuri.

Abin da ke ciki shi ne, duk wanda ya nuna wa mutum wariya saboda naƙasarsa ya yi laifi. Idan kamfani ne ko hukuma, tarar naira 1,000,000. Idan mutum ne shi kaɗai, naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Wanda aka yi wa laifin kuma yana da damar shigar da ƙarar neman diyya daban, ko an hukunta mai laifin ko ba a hukunta shi ba. Mai naƙasa yana da haƙƙin karatu kyauta har ƙarshen sakandare. Ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Asibitin gwamnati ya tanadi hanyar da zai fahimci wanda ba ya ji ko ba ya magana. Mai lalurar ƙwaƙwalwa a duba shi kyauta a asibitocin gwamnati. A layi kuwa, a banki ne ko a wurin rabon wani abu, a fara sallamar mai naƙasa, kuma wannan ba alfarma ba ce, akwai hukunci a kan wanda ya ƙi.

Game da tarar nan akwai abin dubawa. A shekarar da aka sa hannu mafi ƙarancin albashi ya koma naira 30,000, don haka 100,000 ta fi albashin wata uku. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi 70,000 ne, tarar ba ta kai na wata ɗaya da rabi ba. Miliyan ɗaya kuwa a wajen banki ko kamfanin sadarwa kuɗin shan ruwa ne. Hauhawar farashi ta cinye haƙoran dokar tun ba ta ciji kowa da su sosai ba.

Matakala

A nan ne maganar ta fi nauyi. Dokar ta ce duk ginin da jama'a ke shiga, na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa, dole ya zama mai keke da makaho za su iya shiga su fita da kansu. Ta haɗa da gefen titi na masu tafiya a ƙasa da gadojin tsallaka titi. Ta ba tsofaffin gine-gine shekara biyar su gyara, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Sababbi kuwa tun daga taswira za a tace su, jami'in da ya amince da taswirar da ta saɓa wa ƙa'ida yana fuskantar tarar aƙalla naira 1,000,000 ko ɗaurin shekara 2.

Mutane da yawa sun ɗauka in an zuba siminti a gefen matakala an yi gangare, shi ke nan an cika umarni. Gangaren keke yana da lissafi. Ƙa'idar da magina suka sani ita ce, duk tsayin taku ɗaya a ba shi tsawon taku 12. Wato dakalin da ya ɗaga santimita 30 daga ƙasa yana buƙatar gangare mai tsawon mita 3 da santimita 60. Ka zagaya gari ka auna da ido. Yawancin waɗanda za ka gani an yi su ne don a tura babur ko janareto cikin shago, a tsaye suke kamar bangon rijiya, wasu ma an lulluɓe su da tayil mai santsi. Mai keke in ya gwada hawa shi kaɗai, da baya zai kifa. Wani gangaren ya yi kyau, amma ka hau ka tarar da ƙofa siririya wadda keke ba zai wuce ba, ko an dasa tukunyar fulawa a bakinsa, ko mai gadi ya ajiye bencinsa a kai.

Sai banɗaki, abin da ba a son faɗa a taro. Ɗalibi mai rarrafe da hannu wanda zai shiga masan makaranta da yara ɗari ke amfani da shi, da wane hannun zai fito ya ci abinci? Yara da yawa, musamman 'yan mata in sun fara girma, a kan wannan kaɗai suke barin makaranta, ba don karatu ya gagare su ba.

Na taɓa tsayawa a layin wani banki a nan cikin gari, wani bawan Allah ya zo a kekensa. Ƙofar nan ta tsaro mai kama da akwati, wadda ke ɗaukar mutum ɗaya a tsaye, ba yadda za a yi keke ya shiga. Babbar ƙofar gefe kuma an ce mai makullin ya fita. A ƙarshe a gindin bishiya aka sallame shi, ma'aikaci na shiga yana fita da takardu, ana tambayarsa nawa zai cire da ƙarfi, duk wanda ke layi ya ji abin da ke asusunsa. Ba wanda ya zage shi, kowa ma "sannu malam" yake ce masa. Amma sirrin da ni na samu a kan kuɗina shi bai samu ba, kuma irin wannan ne dokar ke kira wariya. Ba sai an yi niyyar mugunta ba.

Makaho kuma nasa shingen a ƙasa yake. Bahaushe ya ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, to mu mun jera masa rijiyoyi a gefen kowane titi: lambatu a buɗe, silab ɗin da aka ɗauke ba a mayar ba, 'yan tireda da masu Keke Napep sun cinye inda ya kamata mai tafiya a ƙasa ya bi. A kasuwar Muda Lawal mai ido ma da dabara yake wucewa.

Wuraren ibada su ma ba su fita ba. Masallatan Juma'a da ake ginawa yanzu ana ɗaga su sama, a yi musu matakala masu sheƙi da wurin alwala da sai mai ƙafa biyu lafiyayyu. Coci-coci ma haka. Ba na jin akwai kwamitin gini da ya zauna ya ce a hana gurgu sahu. Kawai dai ba ya cikin kwamitin, ba wanda ya tuna da shi. Kuma abin da ke ba da takaici shi ne arhar abin idan an saka shi tun farko: 'yan buhunan siminti ne da faɗaɗa ƙofa. Sai an gama gini ne gyaran ke zama fasa bango.

Abuja ta yi doka, Bauchi ke ba da izinin gini

Ga inda lauyoyi suka rabu. Wasu na cewa dokar 2018 ta tarayya ce, ta hau kan kowa a ko'ina, tun da cika alƙawarin yarjejeniyar duniya take yi. Wasu na cewa a'a, abubuwa da yawa da ta taɓo ba hurumin tarayya ba ne. Suna kafa hujja da hukuncin Kotun Ƙoli na 2003, a shari'ar jihar Legas da gwamnatin tarayya, inda aka yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini aikin jihohi ne. A bisa wannan, dokar tarayya tana da ƙarfi a kan Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da asibitin koyarwarta da ofisoshin tarayya, amma makarantar firamare a Ningi ko ƙaramin asibiti a Misau sai dokar jiha. Shi ya sa kullum ake jin kiran jihohi su yi tasu.

Bauchi a nan ba ta cikin 'yan baya. Tun 2010, zamanin gwamna Isa Yuguda, jihar ta yi dokarta ta masu naƙasa, shekara ɗaya kafin ta Legas, shekara biyar bayan ta Filato, kuma tana da hukuma ta musamman da ke kula da su. Wato a takarda mun riga tarayya da kusan shekara tara. Wannan abin alfahari ne, kuma shi ne ya ƙara wa tambayar nauyi. Jihar da ba ta da doka tana da uzuri, mu ba mu da shi.

A ganina matsalar ta tsari ce. Hukumar masu naƙasa, a jiha ko a tarayya, ba ita ke amincewa da taswirar gini ba, ba ita ke ɗaukar malaman makaranta ba, ba ita ke ba da kwangilar titi ba. Waɗannan suna teburin wasu ma'aikatu ne. Idan aka ce duk abin da ya shafi masu naƙasa "a kai hukumarsu", an mayar da hukumar gidan rabon tallafi, sauran ma'aikatu kuma sun wanke hannu. Alhali takardar kwangilar ajujuwa ce ya kamata ta ƙunshi gangare da banɗaki, a kuma ƙi biyan ɗan kwangila in bai yi ba. Sannan da wuya gwamnati ta rufe shagon ɗan kasuwa a kan matakala alhali sakatariyoyinta hawa-hawa ne ba na'urar hawa bene. In kura na maganin zawo, ta fara yi wa kanta.

Batun bara

Waɗanda suka ce dokar hana bara ce ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Akwai sashen da ya haramta sa mai naƙasa bara, ko yawo da shi a bainar jama'a don neman sadaka, ko fakewa da naƙasa a yi bara. Hukuncin naira 100,000 ne ko wata 6. Manufarsa ta farko waɗanda ke cin abinci da naƙasar wasu ne, irin masu ɗauko mara lafiya su shimfiɗa a bakin hanya da lasifika.

Masu goyon bayan a tsaurara suna cewa bara ce ta ɓata wa masu naƙasa suna, har ta kai makaho mai digiri ya shiga ofis da takardunsa a miƙo masa naira hamsin. Suna kuma nuna yaran da ke yi wa iyayensu jagora, yarinya 'yar shekara tara riƙe da sanda daga safe zuwa magariba, ita ma ta rasa makaranta, naƙasar mutum ɗaya ta cinye rayuwar mutum biyu. Wannan hujja ce mai ƙarfi.

Ɗaya ɓangaren kuma tambaya suke yi: a hana mu bara mu ci me? Lokacin da Kano da Kaduna suka ɗauki matakin hana bara a tituna a shekarun baya, wannan tambayar mabarata suka fito da ita. Dattijon da ya makance yana da shekara sittin saboda yanar ido ko amosanin ido, bai yi boko ba, gonar ta gagare shi, wane kashi biyar na aikin gwamnati zai same shi?

Ni abin da na gani shi ne, dokar ta ɗora wa gwamnati nauyi da yawa, ta ɗora wa mai naƙasa guda ɗaya tak, wato barin bara. Shi wannan ɗayan ne ya fi sauƙin aiwatarwa, mota ɗaya da jami'ai biyar sun isa. Sauran sai da kasafin kuɗi. Gwamnatin da ta fara da kame kafin makaranta da jari da gangare ta karanta dokar daga ƙarshe.

Akwai kuma tsohon tsarinmu da bai kamata a raina ba. Tun kafin zuwan Turawa masarautun ƙasar Hausa suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu sasanta rigima a tsakanin mutanensu, masu kai kukansu fada. Wakilci ne na gaske, kuma har yau duk shirin da ya tsallake su ba ya isa ga talakawan cikin masu naƙasa. Sai dai an gina tsarin ne a kan rabon sadaka da zakka. Matasan da suka yi karatu yanzu suna son wakilcin, ba sa son a tsaya a rabon. Sukan kawo misalin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabin da Suratu Abasa ta sauka a kansa. Ilimi ya zo nema, ba sadaka ba, kuma daga baya ya zama ladani, har Manzon Allah (SAW) yakan bar masa riƙon Madina in zai fita.

Makaranta, sannan kashi biyar

Kashi 5 cikin 100 na aiki ba ya amfanar wanda ba shi da takardar makaranta. Makarantar makafi ta farko a Najeriya a nan maƙwabta take, Gindiri ta jihar Filato, tun 1953. A Bauchi akwai cibiyar ilimi na musamman a Yalwa. Amma jiha mai ƙananan hukumomi 20, daga Toro har Zaki, ba za ta tattara duk yaranta kurame da makafi a wuri ɗaya ba, kuma ba kowace uwa ce za ta yarda ta tura kurmar 'yarta mai shekara bakwai makarantar kwana mai nisan awa huɗu a mota ba. Shi ya sa dokar ta ce makarantun gwamnati na gama-gari su zama masu karɓar kowa, da malaman da suka iya rubutun makafi da maganar hannu. Ajin da malami ɗaya ke fama da yara fiye da ɗari, wannan magana ce mai nisa, amma a nan gyaran yake.

An ɗan samu motsi a sama. Tun 2017 hukumar JAMB ta ware tsari na musamman na jarrabawar makafi, Bauchi na cikin garuruwan da ake yi. Dokar zaɓe ta 2022, a sashe na 54, ta ba makaho damar zuwa da wanda ya amince da shi ya taimaka masa ya jefa ƙuri'a, ta kuma umarci INEC ta tanadi kayan taimako irin su rubutun makafi. Sai dai wannan rubutun wanda ya yi makaranta kaɗai yake yi wa amfani.

Kurame kuma suna da wata matsala da ba kowa ya sani ba. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantu ta samo asali ne daga ta Amurka, wadda wani kurma baƙar fata ɗan mishan, Andrew Foster, ya kawo Ibadan a 1960. Kurman ƙasar Hausa kuwa yana da tasa maganar hannun ta gargajiya wadda ya tashi da ita a gida da kasuwa. Tafintan da ya koyi ta makaranta zai iya tsayawa a gaban kurmar ƙauye mai naƙuda su kasa fahimtar juna. Don haka ko an ce asibiti ya ɗauki tafinta, sai an tambaya wace maganar hannun ya iya.

Su nawa ne?

Ƙidayar 2006 ta ce masu naƙasa a Najeriya miliyan 3 da dubu ɗari biyu da wani abu ne, kashi 2.3 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, mutum biliyan 1.3, suna da wata naƙasa. Tazarar ta zo ne daga yadda ake tambaya. Ka tambayi maigida ko akwai naƙasasshe a gidansa ya ce babu, alhali mahaifiyarsa ba ta gani, ƙaninsa sanƙarau ya toshe masa kunne, akwai kuma yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa a ɗaki da ba a nuna wa baƙo. Tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, kuma wanda ba a ƙirga ba ba ya shiga kasafi.

Abu ɗaya da Arewa ba ta buƙatar ƙidaya ta gaya mata shi ne shan inna. Bayan ƙaurace wa rigakafi da aka yi a wasu jihohi a 2003, cutar ta sake bazuwa, a 2006 kaɗai yara sama da 1,000 ta kama a ƙasar nan, galibinsu a Arewa. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, aka yi murna. Yaran 2006 kuwa suna nan, yau samari ne da 'yan mata masu shekara ashirin da 'yan kai, lokacin neman gurbin karatu da aiki da aure. Ga kuma sababbi da haɗarin babur da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki ke kawowa kullum. Layin masu naƙasa layi ne da kowa zai iya shiga da rana tsaka, wanda ya yi tsawon rai kuma da wuya bai shiga ba.

Wanda aka tauye wa haƙƙi, ina zai nufa?

Akwai wani sashe da ba a cika ambata ba, alhali ya fi sauran amfani ga talaka. Mai naƙasa da ya tarar da wuri ba ya shiguwa yana da damar sanar da masu kula da wurin, su kuma wajibi ne su gyara. In suka yi biris, kamfani ko hukuma za ta biya shi diyyar naira 10,000 a kan kowace rana da aka ƙara ba a gyara ba. Kwana 100 miliyan ɗaya ke nan. Amma lissafin ba ya farawa sai an sanar, kuma sanarwar baki ba ta da shaida. Don haka a rubuta takarda, a sa kwanan wata, a yi kwafi biyu, a sa su buga hatimi a kan ɗaya a riƙe. A ɗauki hoton ƙofar. In aiki aka hana mutum, ya adana tallar aikin da takardar gayyata da sunan wanda ya ce masa "ba ma ɗaukar irinku".

Daga nan akwai hukumar masu naƙasa ta jiha, da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, da hukumar ba da lauyoyi kyauta ga marasa ƙarfi, duka suna da ofis a Bauchi. Ƙungiya ta fi mutum ɗaya ƙarfi a nan, domin mai neman aiki ko mai asusu a banki yana tsoron a sa masa ido in ya yi ƙara shi kaɗai. Akwai kuma nauyin da al'ada ta ɗora: wanda aka saba ba shi, in ya buɗe baki ya ce haƙƙinsa ne, sai a ce ya cika fitina, ba shi da godiya.

Sai dai kafin a kai takardar, yana da kyau a aiki wani ya fara leƙo ofishin da za a kai ƙarar. Wasu daga cikinsu a hawa na biyu suke.